Maganin tsutsa yana cikin tunkuzarmu, mu kuma muna neman dala

Tun da sojojin Sudan suka karɓe birnin Wad Madani a Janairun 2025 ake maganar farfaɗo da noman yankin Jazira, kuma duk wanda ya buɗe baki kan maganin feshi, lissafin dala yake yi: nawa za a shigo da shi, wa zai biya. Wannan ne ke ƙona mini rai, domin mun taɓa bin hanyar nan. Dattawanmu na Maiwurno da ƙauyukan Sinnar da suka yi aikin auduga a hawasha, wato gonar ban-ruwa da ake yanka wa manomi, sun san yadda feshin jirgi a shekarun 1970 ya kashe ƙwarin da ke cinye masu ɓarna, sai farin ƙuda ya samu fili ya mamaye gonaki.

Akwai ƙwayar bakteriya da ake kira Bt, wadda aka gano a Japan a 1901, aka fara sayar da ita a matsayin magani a Faransa a 1938. Tsutsa ta ci ganyen da aka fesa, gubar ta huda mata hanji, ta daina ci ta mutu. Ƙudan zuma da tsuntsu da mutum ba ruwansu. Abin da ke sa ta tsada shi ne abincin da ake renonta a ciki, kuma abincin nan ba wani abin al'ajabi ba ne: zaƙi, furotin, iska, da ɗumi wajen digiri 30, kwana biyu zuwa uku a tanki. Zaƙin yana cikin molas, baƙin ruwan da ke saura a masana'antun sukari irin Kenana. Furotin yana cikin umbaz, wato tunkuzar gyaɗa da riɗi, da anguryar da muke ba dabbobi.

Masu cewa audugar Bt (wadda aka sa wa gubar ƙwayar a cikin irinta) da aka amince da ita a 2012 ta wadatar, su gaya mana abin da mai tumatir da mai dawa za su fesa wa tsutsa. Masu cewa rana na kashe ƙarfin maganin kuwa, gaskiya ne, shi ya sa ake fesawa da yamma tun tsutsa tana ƙarama.

Ban ce kowa ya dafa a tukunyar gidansa ba. Wata ƙwaya mai cutarwa tana iya shiga. Aikin Hukumar Binciken Noma da Jami'ar Jazira ne, dukansu a Madani. In za a sake gina ɗakunan gwajin da yaƙi ya lalata, a fara da tankin renon Bt, a ba ƙungiyoyin manoma su raba.