Ko da Zagi Ne, a Dai San Ni

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je walimar auren ƙanin wani abokina. Aka miƙa wa malamin da ya koyar da ango tun daga babbaƙu da farfaru makirufo ya yi wa taro addu'a. Dattijo ya ɗaga hannu ke nan sai ihu ya ɓarke daga bakin ƙofa. Wani ɗan TikTok ne ya iso, wanda daga baya na ji cewa biyansa aka yi ya zo ya ƙayata biki. Kafin ka ce kwabo kujeru sun zama wayam. Yara, 'yanmata, har da wasu masu gemu sun yi dafifi a kansa, kowa ya ɗaga waya sama. Malam ya shafa addu'arsa, mu 'yan tsirarun da ke kusa da shi muka ce amin. Can sai na ji wani yaro da bai kai shekara goma ba ya ƙwala wa baƙon irin ashar ɗin da aka san shi da ita a bidiyo. Baƙo ya tuntsire da dariya, ya zaro ɗari biyar ya manna wa yaron a goshi, jama'a suka sa tafi.

Na jawo wani ɗan yayata na ce masa, kai, wannan me yake yi da ake wannan rububi a kansa? Ya dube ni da mamaki. "Kawu, ba ka san shi ba? Ai shi ba ya tsoron kowa. Duk wanda ya taɓo shi sai ya yi masa wankin babban bargo."

To ƙannena, a nan nake so mu tsaya. Wai ba ya tsoron kowa. Mutumin da sana'arsa ita ce ya kunna waya ya zagi uwar wani, ya tona asirin matar da ya saka, ya karanto saƙon da wata ta taɓa tura masa a ɓoye, shi ne kuka ɗora wa rawanin jarumta. Tun muna Islamiyya muka haddace hadisin da ke cewa idan ba ka jin kunya ka aikata abin da ka ga dama. Malamanmu sun faɗa mana gargaɗi ne. Ku kuma kun ɗauke shi kamar lasisi.

Ba zan ce ban gane abin da ke jan ku ba, don ruwa ba ya tsami banza. Abu na farko, waɗannan mutane naku ne. Ɗan unguwa ne, ɗakinsa irin naka, labulen ƙofarsa irin naka, Hausarsa irin wadda kuke yi a majalisa, ba Turanci ba ƙaƙale. A da kafin fuskarka ta fito a akwatin talabijin sai ka bi ta hannun wani a NTA ko CTV. Ko fim kake so ka shiga sai ka yi shekaru kana riƙe wa ubangida jaka, sannan ga Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a Kano tun 2001 tana jiran ta ga abin da kuka ɗauka. Yanzu waya ɗaya da zagayayyiyar fitila da data sun wadatar. Ba mai tambayarka ɗan gidan wa, ba mai tambayar takardarka. Yaron da ya zauna a gida wata takwas a 2022 saboda yajin aikin ASUU, ya koma makaranta, aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya gagare shi, ya dubi yayansa da ya gama digiri yana zaman kashe wando, sannan ya dubi sa'ansa da ko sakandare bai ƙarasa ba yana nuna makullin sabuwar mota a bidiyo, wa kake jin zai burge shi? Na fahimci wannan sarai. Amma fahimta daban, yarda daban.

Sannan akwai abin da ya fi kuɗin ma ƙarfi, wanda manya ba su cika lura da shi ba. Waɗannan mutane suna amsa muku. Ka shiga laif ɗin dare ka gani. Mutum biyu an raba musu allo, kowa na kumfar baki yana cewa a danna, a danna, kada a bari a kayar da mu. Yaro ya sayi kwabban TikTok da kuɗin da aka ba shi na karin kumallo, ya tura fure ɗaya, kyauta mafi araha a wurin. Sai gwanin nasa ya tsaya ya karanto sunansa: "Wane, na gode, kai ɗan halak ne." Shi ke nan, yaron nan ba zai yi barci ba don murna. Wataƙila a ranar kaf ba wanda ya kira sunansa da daɗin baki sai wannan baƙon. A gida sai tsawa da aike, a makaranta aji ya cika maƙil malam bai san da shi ba. Wanda kuma ya tura zaki, wato kyauta mai tsadar gaske, ai har kirari za a yi masa a miƙe tsaye. Kamfani ya ɗebi kasonsa mai tsoka, gwani ya kwashi saura, kai kuma ka tashi da kirari. Banza ba ta kai zomo kasuwa, ɗan uwa. Ba son ka yake ba, furenka yake so, kuma ranar da ka daina turawa ko sunanka ba zai tuna ba.

Wanda ya sha kaye a wannan gasa fa, me ake sa shi? Ya yi wanka da ruwan kwata, ya shafa gawayi, ya ci abin da ko kare ba zai sansana ba, ko a sa shi ya zagi wani da sunan hukunci. Namiji da gemunsa, wani ma da 'ya'ya. In ka yi magana a ce maka ai neman abinci ne. In da kwaɗayi da wulaƙanci, Bahaushe ya gama magana tun tuni.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar nan da ta zama ruwan dare a bakin matasa: ko da zagi ne, a dai san ni. Wai tirendin. Yarinya ta fito ta faɗi maganar da kakarta ba za ta iya faɗa ko a ɗakin mijinta ba, ta san sarai za a tsine mata, tsinuwar take nema. Kuma lissafinta daidai ne, abin haushin ke nan. Manhajar nan ba ta san bambancin "Allah ya shirye ki" da "Allah ya ƙara basira" ba. Abin da take ƙirgawa shi ne daƙiƙa nawa ka tsaya kana kallo, ka maimaita ko ba ka maimaita ba, ka rubuta wani abu a ƙasa, ka tura wa wani. Duk wanda ya tsaya ya zazzaga mata wa'azi a wurin sharhi ya ƙara tura ta gaban mutum ɗari. Duk wanda ya kwafo bidiyon ya jefa a zauren WhatsApp na dangi da taken "ku ga yadda duniya ta lalace" ya yi mata talla kyauta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne kasuwar. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi: wanda ya fi kowa Allah wadai da rana, shi ne ƙarfe biyun dare yake ƙarƙashin bargo yana bibiyar wa ya mayar wa wa martani.

Kuma kada wani ya ce min sai da batsa ake suna. Khaby Lame, haifaffen Senegal da ya tashi a Italiya, aikin masana'anta ya rasa a 2020 lokacin korona, ya koma yin bidiyo. Zuwa Yunin 2022 ya fi kowa mabiya a TikTok a duniya baki ɗaya, alhali a bidiyoyin da suka ɗaukaka shi ko baki ba ya buɗewa, hannu kawai yake bazawa ya yi wani kallo. A nan gida ma akwai masu koyar da girki, ɗinki, gyaran waya, lissafi, tajwidi, da masu barkwanci mai tsafta, Allah ya yi musu albarka. Sai dai ku je ku gwada yawan masu kallonsu da na mai ashar, za ku dawo jiki a sanyaye. YouTube ma da ake samun kuɗin talla, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 ta kallo kafin a fara raba riba da kai, aiki ne na haƙuri da jimiri. Shi ya sa masu gaggawa suke zaɓar gajeriyar hanya, su tuɓe kunya a wuni ɗaya.

Gaggawar nan kuwa ita ce ciwonmu a ko'ina. Ba mu manta 2024 ba, lokacin da gari ya rikice da mainin, wato haƙar kuɗin kirifto a waya, babba da yaro kowa na dangwalar allon waya, har a sahun masallaci kafin a tayar da iƙama, ana jiran manhajar Hamster ta fashe, wato ta fara biya, a sayi gida. Da ta fashe a watan Satumba, da yawa abin da suka samu ko datar da suka ƙona bai mayar ba. Ga cacar ƙwallo da ta cinye jarin yara, ga masu tallar kayan mata da ke biyan waɗannan gwanaye su furta abin da kunne ba zai ɗauka ba, ga 'yan siyasa da ke gayyatarsu gida ana ɗaukar hoto ana ba su muƙamin mataimaki, alhali malamin firamare na bin bashin garin masara. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma a wannan karon sarkin da kansa yake kiran bafaden. Kai, har ƙwacen wayar da ya addabi Kano, wani ɓangarensa ba wannan haukar ba ce? Kowa sai ya riƙe waya mai kyamara uku ko ta halin ƙaƙa.

Hukuma ta gwada nata. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowannensu da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon da suka yi wa gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, shaguɓe. Ni dai abin da na lura, su babba suka taɓa, shi ya sa abin ya yi sauri. Masu zagin 'ya'yan talakawa kullum dare suna nan suna sheƙe ayarsu. A farkon 2024 kuma rigimar Hisbah da 'yan TikTok ta yi zafin da Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye muƙaminsa na shugaban Hisbar Kano a farkon Maris bayan gwamna Abba Kabir Yusuf ya soki yadda ake kame, kafin a sasanta ya koma bayan 'yan kwanaki. Me ya canza? Wanda aka kama yau, gobe ya fito mabiyansa sun ƙaru, ya kunna laif a ƙofar kotu ana yi masa barka. Ko ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a yi wa kuɗin kira da data a farkon 2025 bai rage komai ba, abinci aka rage aka sayi data.

Ku kuma masu kallo kuna mafarkin zama irinsu, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Guda ɗaya kuke gani da mota, ba ku ganin dubban da suka zubar da mutuncin kuma ko sisi bai shigo ba. Motar ma sau da yawa ta aro ce, gidan na haya ne na awa biyu, damin kuɗin da ake watsawa a kan gado a tattara a mayar wa mai shi. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Magana zarar bunu ce, balle bidiyo, wanda ko ka goge wani ya riga ya adana. Ranar da dangin miji ko na mata za su fito bincike, ba unguwa za su fara zuwa ba, sunanki za su rubuta a waya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ni ba ni da wani dogon magani da zan rubuta muku. Ku ji tsoron Allah, ku san abin da kuke ba wa idonku, ku daina tura abin da kuke tsine wa. Iyaye su sa ido, malamai su ƙara ƙoƙari. Iyakar abin da na sani ke nan.

Amma wallahi ina kewar wani zamani. Mun tashi mun ga su marigayi Kasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi suna sa gida guda dariya har da hawaye, uba da uwa da 'ya'ya a tabarma ɗaya, ba wanda ya taɓa sunkuyar da kai don jin nauyi. Mun tashi lokacin da in ka yi ashar a layi, maƙwabci zai fito ya zane ka, ka je gida ka ɓoye don in Baba ya ji sai ya ƙara maka, washegari kuma ya je ya yi wa maƙwabcin godiya. Budurwa in ta hango sa'an mahaifinta sai ta sauya hanya. Ɗan fari ko sunansa uwa ba ta iya faɗa. Yau ka tsawata wa ɗan wani, kafin magariba an ɗauke ka a waya an sa maka kiɗa, ka zama abin dariyar gari, shi ya sa dattawan unguwa suka ja bakinsu suka tsuke. A layinmu akwai yarinyar da ba ta shiga aji uku ba, an buɗe mata shafi, ana koya mata murguɗa baki da juya ido da maganar manya. Na tambayi wa ke ɗaukarta, don na je na yi magana da iyayenta. Aka ce min ai mahaifiyarta ce ke riƙe wayar, baban kuma shi ke saka data.