Awa biyun da na'ura ta rage maka, ina ka kai su?

Ƙannena, yau da ku nake, musamman masu cin abinci da kwamfuta da waya a garin nan na Sakkwato: masu shagon buga takardu, masu zana fosta da katin biki, malaman makarantun kuɗi, da ƙannena mata masu sayar da atamfa da turare ta WhatsApp. Tun da ChatGPT, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya da yi wa mutum rubutu, ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, daga baya kuma wani irinsa, Meta AI, ya shigo mana har cikin WhatsApp, aikin da ke cin awa uku ya koma na minti arba'in. Kowa na yabawa, ni ma na yaba. To amma sauran lokacin nan da aka rage muku, wa ya ci shi?

Ni dai na san wanda ya ci nawa. Shagona yana kan hanyar da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke bi, kuma a da ina rufewa da an yi Isha'i. Da na iya amfani da ƙirƙirarriyar basirar nan, takardar neman aiki da nake ɓata rabin awa a kanta sai ta koma ta minti biyar. Mai hankali da sai ya gode wa Allah ya riƙa komawa gida tun Magariba. Ni kuwa sai na buɗe baki na karɓo aikin ƙungiyoyi biyu da na wata makaranta, na kuma shelanta cewa ko da tsakar dare a turo mini aiki ta waya. Kun san bazarar Sakkwato, watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, da rana kwamfuta na huci kai ma kana huci. Dare ne kaɗai ake samun sarari, wutar ma sau da yawa sai lokacin take zuwa. Sai na mayar da dare rana. In kwanta ƙarfe biyu, in tashi Asuba, wata ran ma sai dai in ji ana sallamewa a masallacin unguwa.

Kuɗi sun ƙaru, ba zan ɓoye muku ba. Amma na wayi gari ƙarar wayata kaɗai tana tayar mini da hankali. Mutum ya shigo da sallama da fara'arsa, ni kuwa kallonsa nake kamar wanda ya zo karɓar bashi. Ranar da na buga katin ɗaurin aure ɗari biyu da sunan uwar amarya a gurbin na amarya, ban ma ji kunya sosai ba, kuma wannan rashin jin kunyar ya fi kuskuren ba ni tsoro. Inna ce ta fara gani. Ta dube ni da safe ta ce, "Kai yaron ga, mi kaka biɗa ga duniya haka? Tai ka yi kwana." Ban ji ba. Bayan mako biyu likita ya ɗaura mini awon jini a hannu, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya tambaye ni awa nawa nake barci.

Abin nan yana da suna a wajen masana, burnout suke ce masa da Turanci, ba lalaci ba ne kuma ba sammu ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a kundinta na rarrabe cututtuka a matsayin halin da matsin aiki mai tsawo ke jefa mutum a ciki, ta kuma ba shi alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har ka riƙa jin haushinsa, sannan ingancin aikin ya faɗi. Duka ukun na gan su a jikina. A 2021 kuma ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 sun mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Ɗauki biro ka lissafa naka. Wanda ke buɗe shago takwas na safe ya rufe goma na dare, kwana shida, ya yi awa 84, ba a ma sa na cikin ɗaki a kan katifa ba.

Mu da muka tashi a garin Shehu ba ma buƙatar sai Turawa sun gaya mana. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ibada yake yi, azumi kullum, tsayuwar dare kullum, amma Manzon Allah (SAW) ya taka masa birki, ya ce masa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma haka. Idan wanda ya hana idonsa barci don sallah an ce ya sassauta, ina ga ni da kai da muka hana shi don katin biki? Kuma duk wanda ya yi allo ya haddace a Suratun Naba'i cewa an sanya barci hutu, dare sutura, rana kuma ta neman abinci.

Na'urar ba ta da laifi. Ita ba ta barci, ba ta jin yunwa, ba ta da uwa da za ta gaisar. Duk lokacin da ka taɓa ta za ta amsa da fara'a, kuma nan ne tarkon yake, don sai ka fara auna kanka da ita. Wanda ya sayi babur ya huta da tafiyar ƙasa, amma idan ya ce tun da babur ba ya gajiya shi ma zai yi kabu-kabu dare da rana, ai ƙarshensa kwalbati.

Saboda haka abin da na koya, bayan na sha magani na wata uku, shi ne a fara yanke lokacin tashi kafin a buɗe na'ura. Ni nawa kiran Magariba ne. Duk abin da ta rage mini kafin nan, ribata ce, ba ta mai kawo aiki ba. Da safe ina zayyana mata ayyukan da ke gabana da awannin da nake da su, in ce ta jera mini su, ta kuma faɗa mini wanda ba zai shiga yau ba. Abin dariya, ita ba ta jin nauyin kowa, sai ta ce uku daga ciki sai gobe. Ni da na kasa cewa a'a da bakina, sai na koya daga wajenta. Har saƙon ba da haƙuri nake sa ta tsara mini, in gyara shi ya zama irin maganarmu, in tura wa mai aiki.

Ku ba na'urar aikin gundura, wanda ke cinye rai ba ya ƙara ilimi: zubin farko na wasiƙa, jera farashin kaya, taƙaita rahoto mai shafi talatin, gyaran nahawun Turanci, tsarin darasin mako ga malami. Mai sayar da kaya ta zauna sau ɗaya ta shirya amsoshin tambayoyin da ake yi mata kullum, nawa ne, akwai wani launi, ana kaiwa Birnin Kebbi ko Gusau, ta ajiye su, ta daina rubuta abu ɗaya sau hamsin. Kuma kar ka karya farashinka don aikin ya zo da sauƙi. Mai kawo aiki takarda mai kyau ya zo saye, ba guminka ba. In ka rage kuɗi, dole ka ninka aiki kafin ka cike gurbin, ka koma gidan jiya. Ku ma'aikatan ofis, ku yi hattara da nuna bajinta. Ka gama aikin kwana biyu a wuni ɗaya, gobe Yallaɓai ya ɗora maka na mutum uku, albashi kuwa yana nan inda yake. Faɗi gaskiyar abin da za ka iya da ladabi, ka haɗa har da lokacin dubawa.

Dubawar nan kuwa wajibi ce, don na'urar tana shirga ƙarya ba tare da ta ƙifta ido ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙago, babu su a duniya. To ina ga aya da hadisi? Kada ka kuskura ka kwafo nassi ko fatawa daga wajenta ka watsa, malamai ba su ƙare a Sakkwato ba. Maganar magani ta likita ce. Hausarta ma sai a hankali, wani lokaci kamar Baturen da ya kwana biyu a Kano, balle a zo ga irin tamu. Lambar BVN da NIN da takardun sirrin mutane kuwa amana ce, kar ka zuba su a ciki. Ku kuma masu sa ta rubuta wa ɗalibai kundin kammala karatu kuna karɓar kuɗi, taku nasihar daban ce, ranarku na zuwa.

Akwai wata gajiyar da ba a cika faɗa ba, ta bin kowace sabuwar manhaja. Yau a ce Gemini, gobe Claude, jibi wata, kana ta ƙona data da idanu a bidiyon koyo har ɗaya na dare don kar a bar ka a baya. Taura biyu ba ta taunuwa. Riƙe ɗaya ko biyu da ke yi maka aiki, sauran in da amfani labarinsu zai iso ka. Kuma na ga wasu samarin sun mayar da ita abokiyar hira, duk damuwarsu ita suke kai wa da dare. Tana iya saurare, amma ba za ta zo maka barkar suna ba, ba za ta raka ka asibiti ba. Majalisar ƙofar gida da kuka ƙaurace wa, ku koma.

Makon da na fara rufewa da Magariba, wani Alhaji da ya daɗe yana kawo mini aiki ya kira ni wajen ƙarfe goma na dare, wai takarda ce ta gaggawa. Wayar tana cikin aljihun tebur a shago, ni kuwa ina tsakar gida a kan tabarma, Inna ta dama fura. Da safe na tarar da kira bakwai. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan na rasa shi. Ƙarfe tara sai ga shi da takardarsa a hannu, ya yi ɗan faɗansa, na ba shi haƙuri, na ba shi kujera. Kafin shayinsa ya huce na miƙa masa ita, ya karanta, ya ce ashe ma sai Litinin za a karɓa.