Kuɗin shiga da kuɗin fita: abin da mai sayen Mac yake biya

A hutun da ya wuce ɗan yayata, wanda ke karatun kimiyyar kwamfuta, ya same ni da magana. Ya tara ƴan kuɗinsa, mahaifinsa ya yi alkawarin cika masa, yana so in raka shi Beirut Road a Kano ya sayi MacBook ta hannu, wato laftof ɗin kamfanin Apple. Da ya faɗi kuɗin, sai na ga za su sayo masa HP ko Dell ko Lenovo mai lafiya, har a samu rarar da zai yi watanni yana sa data. Na ce masa, me ya sa sai ita? Ya ce, "Kawu, ai duk manyan masu rubuta manhaja ita suke riƙewa."

Amsar ba ta gamsar da ni ba. Amma kuma ban taɓa yarda da masu cewa duk wanda ya sayi Mac ɗan ƙarya ne ba. Na san mutane masu lissafin sisi da kwabo da suka zaɓe ta ido buɗe, kuma kwalliya ta biya musu kuɗin sabulu. Abin da na fahimta shi ne, farashin da mai shago ya faɗa maka kuɗin shiga ne kawai. Akwai kuɗin zama a ciki, akwai kuɗin fita, kuma mafi yawanmu na farkon kaɗai muke dubawa.

Gardamar nan ta girmi yaron nesa ba kusa ba. A 1984 kamfanin Apple ya fito da Macintosh a kan dala 2,495, shekara uku bayan IBM ya fito da tasa kwamfutar. Microsoft ya riƙa sayar da babbar manhajarsa ga duk kamfanin da ke son ƙera kwamfuta, kamfanoni suka yi ta gasa, farashi ya yi ta sauka. Shi kuwa Apple ya riƙe inji da manhaja duka a hannunsa. Wannan hanya ta kusa kai shi ƙasa, har a 1997 Microsoft ɗin ne ya zuba masa jarin dala miliyan 150. Har gobe mafi yawan kwamfutocin duniya Windows, babbar manhajar Microsoft, suke amfani da ita. To me ya sa waɗansu ke tsallake mai araha?

Dalilin da na fi girmamawa shi ne wuta. A watan Nuwamban 2020 Apple ya fara daina dogara da ƙwaƙwalwar kamfanin Intel, ya fito da tasa mai suna M1, wadda aka gina a kan irin fasahar da ke cikin wayoyinsa, fasahar da tun asali an tsara ta ne don kada ta cinye batir. MacBook Air ta wannan shekarar ta fito a kan dala 999, ba ta da fanka ko ɗaya a cikinta, kuma kamfanin ya ce batirinta zai iya kai awa 18. Ga mutumin Amurka wannan jin daɗi ne kawai, don ko'ina ya zauna akwai soket mai wuta. Ga mai aiki a Kano ko Gusau ko Damagaram kuwa, kuɗi ne tsaba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar masu rukunin Band A naira 225 kowane yunit. Yanzu ɗauki mai zanen talla ko mai tace bidiyon biki da kwamfutarsa ke mutuwa bayan awa biyu da ɗauke wuta. Ko dai ya tayar da janareta, ko ya naɗe hannu mai aiki yana ta kiransa a waya. Wanda tasa ke wuni da caji ɗaya bai san wannan tashin hankali ba. Idan ka tara kuɗin man da bai saya ba a shekara biyu ko uku, tazarar farashin tana raguwa ƙwarai. Rashin fankar ma ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da hunturu ke cusa ƙura cikin kowace kafa, don duk mai gyara zai gaya maka fanka da ta toshe na cikin abin da ya fi kawo masa laftof.

Sai dai a nan ne matasanmu da yawa ke yi wa rogo kallon kitse. Wannan alheri na M1 ne da waɗanda suka biyo bayanta. MacBook ɗin da aka fi samu da sauƙin kuɗi a kasuwar kayan hannu ta 2015 ce zuwa 2019, mai ƙwaƙwalwar Intel, wadda ke zafi tana shan batir kamar kowace laftof ta zamaninta. Da yawa daga cikinsu ma suna da irin madannan nan masu laushi da ƙura kaɗan ke kashewa, waɗanda a kansu Apple ya amince ya biya diyyar dala miliyan 50 a Amurka a 2022. Kuma a 2025 kamfanin ya sanar cewa macOS Tahoe ce babbar manhaja ta ƙarshe da za ta hau kan masu Intel. Irin wannan ce ɗan yayata ya nufa. Kuɗin tambarin zai biya, amfanin da ya sa ake yabon tambarin kuwa ba ya cikinta.

Akwai kuma waɗanda sana'a ce ta zaɓa musu. Duk mai son rubuta manhajar iPhone ya sa ta a kantin Apple yana buƙatar manhajar Xcode, ita kuwa a Mac kaɗai take aiki. Haka Final Cut Pro ta tace fim da Logic Pro ta haɗa sauti, a kan injinan Apple kaɗai suke aiki. Wanda ya yi shekaru hannunsa ya faɗa a kansu, ba za ka ce masa ya sauya don ya rage naira dubu ɗari biyu ba. Amma sana'ar tana ja ta ɗaya ɓangaren ma, kuma ba a cika faɗin wannan ba. Ɗalibin injiniya ko zanen gine-gine da ke buƙatar SolidWorks ko Revit, da mai aikin taswira da ArcGIS Pro, da mai nazarin alƙaluma da Power BI, duk Windows suke buƙata, kuma Mac mai M1 ba ta da tsohuwar hanyar Boot Camp da ake ɗora mata Windows kai tsaye. Shiga kowane shagon buga katin biki da fosta a garinku, CorelDRAW za ka tarar a kan Windows, kuma da ita za a nemi ka kawo aikinka. Adobe Premiere da DaVinci Resolve kuwa suna aiki a duka biyun, don haka ba kowane mai tace fim ne dole ta kama ba.

Masu kare Apple suna son kawo misalin IBM. A 2016 wani babban jami'in kamfanin, Fletcher Previn, ya ce kowace Mac da suka ba ma'aikaci tana rage musu tsakanin dala 273 da 543 a cikin shekara huɗu idan aka kwatanta da mai Windows, saboda masu Mac ba su cika kiran sashen gyara ba, kuma injin yana da daraja in an tashi sayarwa. Ban ƙaryata shi ba, ko da yake a taron Jamf ya faɗa, kamfanin da sana'arsa ita ce sayar da manhajar kula da Mac. Damuwata ita ce lissafin IBM ba lissafinmu ba ne. Su sabuwa suke saye da garanti. A duk faɗin Afirka babu kanti ko ɗaya mallakin Apple kansa, sai wakilai. A MacBook ta zamani, RAM (inda injin ke riƙe aikin da yake kan yi) da ma'adana a like suke da allon injin, abin da ka saya da shi, da shi za ka ƙare. Idan ThinkPad ta Lenovo ko Latitude ta Dell ta samu matsala, yaron shago zai buɗe ta a gabanka ya sauya ma'adana ko madannai kafin ka gama shan lemo, don kayanta sun cika kasuwa. Idan gilashin MacBook ya fashe, kuɗin gyaran kan kusa sayen wata laftof. Ga kuma makullin iCloud, wato asusun Apple na ajiya a intanet: in ka sayi ta hannu alhali mai ita na farko bai cire asusunsa ba, ranar da aka goge ta ka tashi da ƙarfe mai sheƙi da ba ya buɗewa.

Kada a ɗauka mai arahar ba ta da nata ɓoyayyen kuɗin. Microsoft ya daina ba Windows 10 kariyar kyauta ta yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar mafi yawan injinan da suka girmi zubi na takwas na Intel. Irin waɗannan tsofaffin ne suka cika shagunanmu da ofisoshinmu. Haɗa da ɗabi'ar sa manhajar sata da yawo da filashi daga shago zuwa shago, sai ka ga inda bairos ke shigowa. Rabin laifin da ake ɗora wa Windows a ƙasar nan namu ne. Wanda ya koma Mac ya ce ya huta, sau da yawa abin da ya huta da shi ke nan.

Dalilin da ya fi damuna shi ne wanda mai saye ba ya gani sai ya yi nisa. Ka sayi iPhone, sai ka ga hoto yana tsallakawa zuwa Mac ta AirDrop ba tare da kebul ko data ba. Saƙonninka da lambobinka da kalmomin sirrinka duk suna biye da kai. Daɗi ne na gaske, ban musa ba. Sai gigabait biyar na kyauta a iCloud ya cika, ka fara biya duk wata. Bayan shekara biyar, hotunan auren ƙanwarka da sunan ƴaƴanka da takardun aikinka duk suna can, manhajojin da ka saya ba za su bi ka wani gida ba. Ranar da za ka sake saye, ba ka kwatanta inji da inji kuma, kana kwatanta ƙarin kuɗi ne da wahalar ƙaura, sai ka biya. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma wannan turken da gangan aka kafa shi, kuma masu hankali ma yana riƙe su. Ba ni kaɗai ke ganin haka ba. A watan Maris na 2024 Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta kai Apple kotu tana zarginsa da toshe wa masu iPhone hanyar fita. Sai da Tarayyar Turai ta yi doka kafin iPhone 15 ta zo da kan caja na USB-C irin na kowa a 2023. Microsoft ma ba baƙo ba ne a wannan layi, gwamnatin Amurka ta yi ƙararsa a 1998 kan yadda ya ɗaure manhajarsa ta shiga intanet, Internet Explorer, a jikin Windows. Duk kamfanin da ya samu dama, katanga yake ginawa.

Batun kece raini kuwa, yana nan, kuma ba na raina shi. Mu ne muke ɗinka shadda Getzner don mu shiga taro a saurare mu. Mai zane da ya buɗe laftof mai tuffa a gaban mai ba da kwangila, yana iya faɗin farashin da ba a taya masa ƙasa sosai. Idan kwarjinin yana dawo da kuɗi, jari ne. Amma dala 999 a canjin naira 1,500 ta kusa miliyan ɗaya da rabi, wato albashin fiye da wata 21 ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Uban da ya sayar da fili ko tumakin kiwo don ɗansa kada ya ji kunya a aji, ba jari ya zuba ba, kuma ya kamata malaman jami'a su riƙa gaya wa sababbin ɗalibai ƙarara irin injin da kwas ɗinsu ke buƙata tun kafin iyaye su shiga kasuwa.

Abin da ya fi nuna cewa farashi ba shi ne komai ba shi ne Linux, wata babbar manhaja da ke iya maye gurbin Windows. Tun 1991 Linus Torvalds ya sake ta kyauta, a 2004 kuma Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da wani nau'inta mai suna Ubuntu don mutum na gari ya iya amfani da ita. Linux ce ke riƙe da mafi yawan manyan injinan da intanet ke gudana a kansu, tana kuma farfaɗo da tsohuwar laftof da Windows 11 ta ƙi. Duk da haka ba ta kama kasuwa a wajenmu ba, don in ta rikice maka ba kowane shago ne ke da wanda zai duba ba. Mutane suna sayen inji ne tare da jama'ar da ke kewaye da shi: mai gyara, da abokin da za a tambaya, da shagon da zai buɗe fayil ɗinka.

Mun je Beirut Road ɗin da ɗan yayata. Na sa mai shago ya jera MacBook ta 2017 da ThinkPad mai zubi na takwas, na ce yaron ya tambayi kuɗin sauya gilashin kowace da batirinta. Da ya ji amsar sai ya yi shiru. Ya ɗauki ThinkPad, aka ƙara mata RAM a nan take, ya ɗora Ubuntu kusa da Windows, ragowar kuɗin ya sayi ƙaramin batirin sola. A hanyar gida ya ce, "Kawu, amma fa in na fara samun aikin manhajar iPhone sai na saya." Na ce masa ranar ni zan rako shi, mai M ce za mu nema, kuma ba za mu bar shagon ba sai an goge ta a gabanmu ya shiga da asusunsa.