Sola Ta Ranar Alhamis

Binciken digirina na biyu a kan na'urar cajin batir ce mai bin ƙololuwar wutar sola, wadda ake kira MPPT. Kayan ba su da yawa. Faifan sola ne mai wat 100, mai sel 36 (ƙananan gidajen da ke mayar da hasken rana wuta) da aka jera a layi ɗaya, yana ba da kusan bolt 18 da amfiya biyar da rabi idan rana ta take. Sai batir mai bolt 12, da Arduino Nano (ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'urar), da sensar auna wuta ACS712 mai amfiya 20 wadda ke ba da milibolt 100 kan kowace amfiya, da rizisto biyu, 100k da 22k, don rage bolt ɗin faifan kada ya ƙona allon. Duk minti ɗaya na'urar na rubuta abin da ta auna a katin SD. Na kafa faifan a kan ƙarfe a bayan ɗakin mai gadi, a gidan da nake haya a Yelwa, nan Bauchi.

Da na zana sakamakon, sai na ga rami a layin zanen. Wasu ranaku, daga sha ɗaya zuwa biyu na rana, wutar sai ta faɗo daga wat 80 zuwa ƙasa da goma. Na zargi sensa, na sauya. Na sake like kowace waya da dalma. Na rage girman takun da manhajar ke yi wajen laluben ƙololuwa. Rami na nan daram. Sai na ɗora wa zafi laifi, na rubuta shafuka masu daɗin karatu a kan ranar Bauchi ta watan Afrilu.

Farfesa ya sauke tabarau. "Injiniya," in ji shi (ba ya kirana haka sai zai yanka ni), "faifai na asarar kusan kashi 0.4 cikin ɗari ne kan kowane digiri sama da 25. Ko ya kai digiri 65, kashi 16 ke nan. Ina sauran?" Ya bi kwanakin da biro. "Kuma wane irin zafi ne wannan da ya san ranar Alhamis?"

Alhamis ta zagayo na fasa zuwa makaranta, na laɓe a bayan tankin ruwa. Sha ɗaya saura sai ga Baba mai gadi da roba a hannu. Ya matse hularsa ta Juma'a, ya kaɗe ta, ya kife ta a kusurwar faifan, har da gyara mata zama.

"Baba, me ke nan?"

"Ai ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan gilashi. Ga zafi, ga shi ba ƙura. Kafin azahar ta bushe ƙayau."

Hular sel biyu kacal ta rufe, amma tunda a jere suke, wanda ke cikin inuwa shi ke tsayar da kowa, kamar tirela ta lalace a kan gada. A akwatin bayan faifan akwai dayod biyu na kewaye, wato 'yan ƙofofin da ke bai wa wuta hanya ta tsallake sel ɗin da ke cikin inuwa, kowane na kula da sel 18. In dayod ya buɗe wa wuta hanya, rabin faifan ya fita, saura kusan bolt 9. Na'urata kuwa rage bolt kawai ta iya, ba ta ƙarawa, kuma bolt 9 ba ya cajin batir mai 12. Dole ta tsaya a bolt na sama, inda sel ɗin da ke ƙarƙashin hula ke barin 'yar wuta ƙalilan ta wuce.

Na kai wa Farfesa hoto ina jiran faɗa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce inuwar ɓangare babban fage ne na bincike, in ƙara babi, in maimaita gwajin da abu iri ɗaya a kusurwa huɗu da tsakiya.

Na koma wurin Baba neman aron hula. Ya ce Asabar zuwa Laraba babu damuwa, amma kuɗin sabulu a wuyana, kuma in ana rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin, kada a sa nasa a ƙasa.