Wai "sabon mawaƙi" a wurin wa?

Duk shekara idan aka zo rabon kyaututtukan mawaƙa, ko a wace ƙasa ce, rukunin da nake fara leƙawa shi ne na sabon mawaƙin da tauraronsa ya haska. Shi ne kuma yake yawan ba ni dariya, domin kalmar "sabo" ɗin nan ba kasafai take faɗin gaskiya ba.

Ku ɗauki Shelby Lynne. A 2001 aka kira sunanta a bikin Grammy na Amurka a matsayin sabuwar mawaƙiyar shekara, alhali baiwar Allah ta shafe shekara 13 tana fama, faifanta na shida ne ma ya jawo mata kyautar. Da ta hau dandamali, da bakinta ta tuna musu lissafin. Sabuwa ce kawai a kunnen masu zaɓe, waɗanda sai a lokacin suka farga da ita. Lady Gaga kuwa akasin haka aka yi mata. A 2010, lokacin da duniya ba ta da zance sai nata, aka ce ba ta cancanci shiga rukunin ba, wai don wata waƙarta ta taɓa shiga takara a shekarar da ta gabata. Da surutu ya yi yawa, sai aka gyara dokar. Ihu bayan hari.

Wani abin da magoya baya ke mantawa, kyautar nan ba duba ba ce. A 2008 Taylor Swift tana cikin 'yan takara, Amy Winehouse ta lashe. A 2011 ga Justin Bieber, ga Drake, sai aka ji an kira Esperanza Spalding, mai kiɗan jaz da yawancin masu kallo ba su taɓa jin sunanta ba. Masoyan Bieber suka yi ta zage-zage a intanet. Ni dai a wannan ina bayan alƙalan, kuma na san wasu za su yi mini ca a kai. Idan yawan masoya za a ƙirga, ina amfanin alƙalai? A duba wanda ya fi ciniki a miƙa masa, kowa ya huta. Ai wanda ya riga ya cika filin wasa da 'yan kallo ba ya neman a gabatar da shi ga kowa.

Ba wai alƙalan ba sa tafka kuskure ba. A 1990 sun bai wa wasu mawaƙa biyu da ake kira Milli Vanilli kyautar, kafin shekarar ta ƙare asiri ya tonu cewa ba muryarsu ba ce a faifan, motsa baki kawai suke yi. Aka ƙwace.

Tsarin da ya fi kwanta mini shi ne wanda bikin Brit na Birtaniya ya ɓullo da shi a 2008, inda masu sharhi da mutanen harkar ke zaɓen wanda suke hasashen zai yi fice. Adele ce ta fara samu, kuma lokacin da aka sanar da sunanta, faifanta na farko bai ma fito kasuwa ba. Babu alƙaluman ciniki da za a fake da su, kunne kawai aka sa aka saurara, aka yarda in an yi kuskure a sha kunya. Irin wannan kyautar ita ce ke buɗe wa mawaƙi ƙofa: gidajen rediyo su fara sa waƙarsa, masu shirya wasa su nemi lambarsa, kamfani ya yarda ya zuba kuɗi.

Sauran kuwa, da za su ji tawa, su canja wa rukunin suna kawai, su kira shi "wanda muka farga da shi bana".