Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba ya kore banza

Jama'a duk wanda ya taɓa ganin hoton tafkin Okeechobee na jihar Fulorida a Amurka lokacin zafi zai gane abin da nake nufi, ruwa ne amma kai ka ce fenti kore aka juye a kai, ga kauri ga wari. A 2018 gansakuka ta rufe kusan kashi 90 cikin ɗari na tafkin, tafkin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,900 fa. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake maganar kamar wata annoba ce ta faɗo daga sama. Kainuwa ce dashen Allah, wannan kam dashen mutum ce.

Ita wannan abar ma ba gansakuka ba ce ta gaske, ƙwayoyin bakteriya ne, masana na kiransu sayanobakteriya, kuma abu uku suke so: zafi, ruwan da ba ya motsi, sai abinci wato fosfaras da naitirojin. To abincin daga ina? Daga takin zamani, daga kashin shanun da ake kiwo a arewacin tafkin, daga masai na gidaje da ke tsiyaya cikin ƙasa. Ruwan sama ya wanko su, kogin Kissimmee ya kawo su. Kogin nan da can lanƙwashe yake yana bi ta fadamu suna tace ruwan, sai a shekarun 1960 aka miƙar da shi aka mai da shi katon lambatu, daga baya aka dawo ana kashe maƙudan daloli ana sake lanƙwasa wani sashensa, aikin bai ƙare ba sai 2021. Ka ji fa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ƙasa, wajen da kogi ke haɗuwa da teku. Bayan guguwar 1928 da ta kashe mutum aƙalla 2,500 aka kewaye tafkin da katangar ƙasa, to in ya cika injiniyoyin soja ba su da zaɓi sai su buɗe ƙofofi, gabas ta kogin St. Lucie, yamma ta Caloosahatchee. Shi ruwan mahaɗar nan gauraye yake, ba daɗi zalla ba, ba gishiri zalla ba, a haka kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo) da ciyawar ƙarƙashin ruwa da 'ya'yan kifi suke rayuwa. Ka antayo musu ruwan daɗi mai yawa gishirin ya tsinke kawa ta mutu, ga koren ya tare hasken rana ciyawa ta mutu, in gansakukar ta ruɓe kuma ta shanye iskar oksijin kifi ya taso ciki sama. A 2016 sai da gwamnan jihar ya kafa dokar ta-ɓaci a yankin. A 2021 ayu sama da 1,000 suka mutu a Fulorida, da yawansu yunwa ce ta kashe su don ciyawar da suke ci ta ƙare. Ayu fa, dabbar da ba ruwanta da kowa.

Sai rigima ta koma kan ƙofa, na gabas su ce a tura yamma, na yamma su ce a tura gabas, wasu su ce a tura kudu inda gonakin rake suke. Wallahi duk wannan rabon datti ne kawai. Ni a ganina duk mai mulkin da ke maganar ina za a saki ruwa bai ce uffan kan me ke shiga ruwan ba, to zagaye yake yi. Ba ina cewa manomi ne kaɗai mai laifi ba, mai zuba wa ciyawar ƙofar gidansa taki don ta yi sheƙi shi ma yana ciki. Kuma ko yau aka daina zubawa, fosfaras ɗin shekaru da shekaru yana kwance cikin lakar tafkin, ga shi zurfin tafkin bai kai mita 3 ba a matsakaici, iska kaɗan ta kaɗa sai ta tayar da shi.

Wani zai ce ai kore ne kawai, a tafasa a sha. Kul! Gubar da gansakukar take fitarwa, maikurosistin, hanta take kamawa, tafasawa ba ta kashe ta, sai ma ta ƙara mata ƙarfi don ruwa ne ke ƙonewa guba ta tsaya. A Agustan 2014 mutum kusan 400,000 a birnin Toledo na jihar Ohio a Amurka aka ce kada su sha ruwan famfo na kusan kwana uku saboda wannan gubar a tafkin Erie inda suke samun ruwa, kuma sanarwar ta ce kada ma a tafasa. Karnuka kan mutu in sun yi iyo a ciki suka lashe jikinsu. In ka ga ruwa ya yi koren nan, janye yaro, janye dabba, kada ko alwala ka yi da shi.