Kafin ka danna rikodin, duba waye ke zaune a ɗakin

Duk sanda aka ɗauko zancen tarihin baka sai ka ji wani ya taɓe baki yace ai tsoho mantuwa gareshi, yau yace kaza gobe ya canja, wai takarda ce kawai shaida. Ni dai ban yarda ba. Takardar ma ai mutum ne ya rubuta ta, kuma galibi mai mulki ne ko yaronsa, wanda aka mulka ba wanda ya miƙa masa biro. Amma fa masu sukar nan ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, kawai dai sun ɗora laifin a inda bai dace ba. Babbar matsalar ba ƙwaƙwalwar tsoho bace, mai tambayar ne.

Tsakanin 1936 da 1938 gwamnatin Amurka ta baza marubuta suka bi tsofaffin da aka haifa cikin bauta, suka tara hira sama da 2,300, har yau suna nan ajiye a laburaren majalisar dokoki a Washington. Aiki ne babba, ba don shi ba da muryoyin nan sun bi masu su kabari. To amma bautar ta ƙare tun 1865, shekara sama da 70 kenan, yawancinsu yara ne a lokacin, sannan mafi yawan masu tambayar fararen fata ne, a kudancin ƙasar, ana tsaka da wariyar launin fata ga talauci ya yi katutu, wasu tsofaffin ma zatonsu baƙon nan zai iya samo musu tallafin gwamnati. Kai in kai ne me za ka ce? Ai sai ka yabi ubangida ka samu a rabu lafiya.

Akwai wata tsohuwa a garin Charleston, Susan Hamlin, da aka yi hira da ita sau biyu. Gaban baturiya ta yi ta faɗin kirkin wanda ya mallake ta. Da mai tambaya baƙar fata irinta ya zo sai ga zancen bulala da yadda ake raba uwa da ɗanta a sayar. Mace ɗaya, rayuwa ɗaya. Ba ruɗewa ta yi ba, ta san wanda ke gabanta ne, kuma ni a ganina hirarrakin biyu duk tarihi ne, domin na farkon ma ya nuna mana irin tsoron da ake ciki a wancan lokacin.

Malaman hadisi sun riga kowa gane wannan, basa karɓar magana sai sun bincika wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya riƙonsa yake. Abinda nake so masu naɗar hira su ƙara shine su rubuta wa ya yi tambayar, yaushe, da wane harshe, su waye a wurin. Gidauniyar Shoah da mai shirya finafinan Amurka Steven Spielberg ya kafa a 1994 ta naɗi shaidu kusan 52,000 a bidiyo kan kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa a yaƙin duniya na biyu, cikin harsuna 32, kuma amfanin bidiyon kenan, kana ganin inda mutum ya yi shiru, abinda takarda bata iya ɗauka.

Na gani da idona ranar da na sa waya ina naɗar kakata. Tana cikin bani labarin aurenta na fari, wanda ba mai ambatonsa a gida, murya ƙasa ƙasa tana murza bakin zaninta, sai kawuna ya yi sallama ya zauna. Nan take ta gyara zama ta koma zancen yadda damina take a da. Minti 40 na rikodin ɗin duk ruwan sama ne. Nace zan dawo in same ta ita kaɗai, na yi ta cewa sai wani satin, Allah bai yi ba.